RAHOTO NA MUSAMMAN: Kuɗinka ne, amma mabuɗin na hannun wani: Abin da 'yan kasuwar Rufa'a suka gani a Sudan

A makon farko na Fabrairun 2024, wayoyin mutanen Rufa'a suka yi tsit. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Da farko an ɗauka irin ɗaukewar da aka saba ce, ta yini ɗaya ko biyu. Aka yi mako, aka shiga na biyu, aka yi wata, shiru kake ji.

A garin da ake zaune lafiya, wannan damuwar masu hira ce da masu kallon bidiyo. A Rufa'a kuwa maganar tuwon dare ce. Tun da dakarun RSF, waɗanda mutanen can ke kira Da'ama, suka kwararo jihar Jazira a Disambar 2023, bankuna suka rufe. Tsabar kuɗi ta yi wuya, wanda ma yake da ita ba ya son a sani. Ciniki ya koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartum, wadda da ita ake sayen buhun dawa, da ita ɗa da ke Saudiyya ke aiko wa mahaifiyarsa na cefane. Ranar da layi ya ɗauke, kuɗin kowa na nan daram a asusunsa, sai dai ba mai iya taɓa ko sisi.

Ina da wani kawu a ɗaya daga cikin ƙauyukan Hausawa da ke gabashin kogin. Shekara da shekaru shi ne ma'ajin wani ɗan kamfanin haɗin gwiwa na mutum shida, masu injin matse man gyaɗa da injin niƙa. A makon da layi ya ɗauke, akwai manoma da leburori da ke jiran haƙƙinsu, akwai kuma ranar biyan wani bashi da ke matsowa. Kuɗin biyan duka biyun na cikin asusu. Ya shaida min daga baya cewa abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda mutanen da suka san shi tun yana yaro suka fara kallonsa kamar mai ƙarya.

Labarin nasa ne ya tuna min da abubuwa biyu da ke hana ma'ajin manyan kamfanoni barci a Landan, Dubai ko Legas. Na farko, a wayi gari wani ya kulle maka kwamfutocinka ya ce sai ka biya fansa. Na biyu, farashin kuɗi da kansa, wato abin da ake biya kafin a ba ka rance, ya juya maka baya kana tsakiyar hanya. Mutanen Rufa'a ba su karanta waɗannan a littafi ba, amma sun ɗanɗani kowanne, cikin wata kama ta daban.

Garkuwa ba tare da an taɓa kowa ba

Mu a arewacin Najeriya ba sai an yi mana bayanin garkuwa don neman fansa ba. To ita wannan haka take, bambancin kawai bayanai ake kamawa a madadin mutum. Masu kutse na cusa wata muguwar manhaja cikin kwamfutocin kamfani, galibi ta saƙon imel na yaudara da wani ma'aikaci ya buɗe, ko ta kalmar sirri da ta zube. Sukan yi kwanaki a ciki ba a sani ba, suna leƙa ko'ina, suna kwashe abin da suke so. Daga nan sai dare ɗaya su cukurkuɗa duk fayilolin ta yadda ba mai iya karanta su sai da mabuɗin da ke hannunsu. Da safe ma'aikata su tarar da saƙo a fuskar kwamfuta: ga adadin da za a biya da Bitcoin, ga wa'adi.

A Mayun 2021 haka ta faru da Colonial Pipeline, kamfanin bututun mai da ke shayar da gabashin Amurka. Ta wata tsohuwar kalmar sirri guda ɗaya aka shiga. Kamfanin ya dakatar da bututun na kwanaki, aka yi ta layin mai a jihohi da dama, ya kuma biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Abin lura shi ne ba injinan tura man aka kama ba. Ɓangaren ofis da lissafi aka kama, kuma kamfanin da ba ya iya sanin wa zai bi kuɗi ba ya iya ci gaba da sayarwa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Nuwamban 2023, lokacin da gungun LockBit suka afka wa reshen Amurka na ICBC na China, bankin da ya fi kowanne girman kadara a duniya. Reshen na hada-hadar takardun bashin gwamnatin Amurka ne. Da kwamfutocinsa suka tsaya, cinikin da aka riga aka ƙulla ya kasa kammaluwa, har aka wayi gari wani banki na binsa kusan dala biliyan 9, sai da uwar kamfanin ta kawo ɗauki. An ruwaito cewa a tsakiyar rikicin, a ɗan ƙaramin filashi aka zuba bayanan ciniki aka ba ɗan aike ya kai da ƙafarsa a cikin birnin New York. Ka ji fa, a cibiyar kuɗin duniya.

Akwai kuma na Maersk, katafaren kamfanin jiragen ruwa na Denmark, a Yunin 2017. Manhajar NotPetya ta shigo da rigar neman fansa, alhali ɓarna tsagwaronta ta zo yi. Ta share tsarin kamfanin a faɗin duniya, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kwafi ɗaya tak na babbar rajistar kwamfutocinsu ya tsira, kuma a ofishinsu na Ghana aka same shi. Dalili? An ɗauke wuta a can kafin harin, na'urar ba ta kan layi. Abin da muke tsine wa kullum, shi ya ceci kamfanin ranar. A nahiyarmu ma an gani: a Yulin 2021 irin wannan hari ya gurgunta Transnet ta Afirka ta Kudu, tashar jiragen ruwa ta Durban ta koma aiki da takarda da biro.

A duk waɗannan, abin da ke kashe kamfani ba fansar ba ce. Kwanakin da yake yi bai iya biya ba, bai iya karɓa ba, bai ma san nawa yake da shi ba, su ne masifar. Albashi ba ya jira, mai bin bashi ba ya jira.

Da bindiga aka yi na Sudan

Ga wanda bai san wurin ba, Rufa'a na gabar gabas ta kogin Shuɗin Nilu, tana fuskantar Hasahisa, gada ce ta haɗa su. Tsohon gari ne mai tarihin ilimi, a nan Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Sudan a 1907. Kusa da ita akwai masana'antar sukari ta Junaid da ta fara aiki a 1962, sai kasuwar raƙuma da dabbobi ta Tambul a ɓangaren Butana. Ƙetaren kogi kuwa shi ne Shirin Noman Jazira, da ya tashi bayan kammala madatsar Sinnar a 1925, gonaki sama da fadan miliyan 2 da ruwan magudana ke ratsawa.

Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu jikokin alhazai ne da suka biyo hanyar Makka da ƙafa suka yada zango, zangon ya zama gida. Wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Mai Wurno da ke kudu da Sinnar ke ɗauke da sunansa har gobe. Da guminsu aka tsinci audugar Jazira. Yau akwai masu hawasha, wato gonar da shirin ke ba manomi, akwai masu noman albasa da kayan lambu a bakin kogi, masunta, 'yan tireda, da kuma dubban da har yanzu ke zaune a kambo, matsugunan leburorin gona.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cibiyar harkar kuɗin ƙasar gaba ɗaya tana cikin 'yan tituna kaɗan na tsakiyar Khartum, daidai inda wuta ta fi ci. Hedikwatar Babban Bankin Sudan na can. Kamfanin EBS, wanda ke haɗa bankuna da juna ta na'ura, na can. Cikin kwanaki tsarin ya durƙushe: ba musayar cak tsakanin bankuna, na'urorin cirar kuɗi sun mutu, an fasa rassa da dama an kwashe. Babban Bankin ya koma Port Sudan yana harhaɗa abin da ya saura. Manhajojin bankuna da yawa sun yi watanni a kwance. Bankak na cikin 'yan kaɗan da suka miƙe da wuri, shi ya sa kowa ya ruga gare ta.

Ga tarkon da ke ciki. Duk ma'ajin da ya san aikinsa an koya masa kada ya tara ƙwansa a kwando ɗaya. To amma idan kwando ɗaya kaɗai ya rage a duk garin fa? Kamfani, ƙungiyar manoma, kwamitin masallaci, masu dafa abincin sadaka na takiyya, kowa ya dogara da manhaja ɗaya, ita kuma ta dogara da layin waya.

Layin ne aka kama. A Fabrairun 2024 hanyoyin MTN da Sudani suka ɗauke, Zain ta bi baya cikin 'yan kwanaki. Hukumomin Port Sudan da masu sa ido kan harkar sadarwa sun ɗora alhakin a kan RSF, wadda ke riƙe da gine-ginen da manyan na'urorin kamfanonin suke a Khartum, aka kuma ruwaito cewa sharaɗinta shi ne a maido da layi a Darfur. Ita ta musanta. Ko ma yaya ne, siffar abin iri ɗaya ce da ta masu kutse: an riƙe mabuɗi, an gindaya sharaɗi, wanda ba ruwansa ne ke shan wuya. Kamfanonin sun kafa sabbin na'urori a Port Sudan, layi ya dawo a gabas da arewa. A mafi yawan Jazira kuwa, sai da aka yi watanni masu yawa a duhu.

Sai ga Starlink. Farantan tauraron ɗan'adam da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya suka bazu a kasuwanni, akasari a hannun mayaƙan ko da izininsu. Ka biya kuɗin awa, ka tsuguna cikin jama'a, ka buɗe asusunka a gaban mai bindiga. Idan kuma tsaba kake so, sai ka tura wa mai canji ta waya ya ba ka a hannu bayan ya zabge kasonsa, kashi 10, kashi 20, wani wuri ma fiye. Wato kuɗinka da ke banki da kuɗin da ke aljihu sun zama iri biyu, kowanne da farashinsa.

Garkuwa ta zahiri ma ba ta tsaya ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam da kwamitocin unguwanni sun sha ba da rahoton yadda ake tsare mutane a Jazira sai danginsu sun turo fansa ta waya, da yadda ake tilasta wa mutum buɗe manhajarsa a shingen bincike. Manhajar da ta ceci dukiyar mutane daga wawaso, ita ce kuma ta sauƙaƙa wa mai ƙwace aiki, tunda ba sai ya haƙa ɗaki yana neman tukunyar da aka binne ba. Kawun nawa ya ce ya goge tasa daga wayar ya haddace lambobin a ka, duk ranar da zai je wurin faranti sai ya sake sauke ta.

Ƙasar da ba ruwa, amma kuɗi na da tsada

Nan mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan Sudan da kuɗin ruwa, ƙasar da bankunanta ba sa ta'ammali da riba? Gaskiya ne. Bankin Faisal na Musulunci ya buɗe a Khartum a ƙarshen shekarun 1970, gwamnatin Numairi ta fara juya tsarin a 1983 da 1984, zuwa farkon shekarun 1990 duk bankunan ƙasar sun koma tafarkin Shari'a. Ba banki da zai rubuta maka ruwa a takarda. Amma hana riba bai hana lokaci cin darajar kuɗi ba, kuma wani dole ya ɗauki wannan asarar.

Hanyar da ta fi yawa ita ce murabaha. Kana son gyaɗa ko injin, banki ya saya ya sayar maka da ƙarin ribar da kuka amince, ka biya a hankali, galibi ka ajiye masa cak masu kwanan wata na gaba. Ribar ba ta sauyawa bayan an sa hannu, wannan alheri ne. Sai dai wa'adin gajere ne. Mai injin matse mai yana buƙatar jari kowace kaka, saboda haka kowace kaka sai ya koma ya ƙulla sabuwar yarjejeniya, da sabuwar riba, da sabon sharaɗin jingina. Ya kafa injin ne da lissafin shekara biyar, amma farashin kuɗin da zai juya shi na sauyawa duk bayan 'yan watanni. Abin da ma'ajin Turai ke kira haɗarin kuɗin ruwa ke nan, sai dai ya sa jallabiya.

Kuma sauyin ba na wasa ba ne. A Fabrairun 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta karya darajar fam ɗin Sudan, wanda 'yan ƙasar ke kira jine, daga 55 zuwa 375 kan dala ɗaya a hukumance. A Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Dab da yaƙi dala na wajen 600. A 2024 ta wuce 2,000 a kasuwar bayan fage, hauhawar farashi ta sake haura kashi 200 a wasu watanni, a 2025 kuma dala ta tsallake 3,000.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce banki ya sayar wa ɗan kasuwa kaya na miliyan 10 da ribar kashi 30, zai biya miliyan 13 bayan shekara. Idan farashin komai ya ninka a shekarar, miliyan 13 ɗin ba za su sayi abin da miliyan 7 ke saya a da ba. Mai karɓar bashi ya ci, banki da masu ajiya sun faɗi. Banki ba wawa ba ne: badi sai ya ɗaga ribar, ya rage wa'adin, ya zaɓi manyan 'yan kasuwa masu gidajen jingina a birni. Ƙaramin kamfani na ƙauye shi ne farkon wanda ake rufe wa ƙofa. Haka kuma waɗanda suka zuba rarar kuɗinsu a takardun Shahama, takardun musharaka da gwamnati ta fara fitarwa a 1999, suna ganin ribar shekara a rubuce, amma hauhawar farashi ta lashe ta har da wani ɓangare na uwar kuɗin.

Manomi kuwa nasa ya fi tsufa. Tun kafin a san banki akwai abin da ake kira shel: ɗan kasuwar ƙauye ya ba ka kuɗi ko kayan masarufi da damina, ka biya da buhuna a kaka, a farashin da shi ya yanka tun kana cikin matsi. Bankuna, musamman Bankin Noma na Sudan, sun zo da salam, wanda shi ma sayen amfanin gona ne kafin ya nuna, amma da ƙa'idojin Shari'a. Da hauhawar farashi ta nuna yadda manomi ke ƙwaruwa, aka saka wani sharaɗi na kawar da zalunci, ta yadda idan farashin kaka ya yi wa na yarjejeniya nisa sosai za a daidaita. Duk da haka, idan damina ta gaza ko ruwan magudana bai iso ba, buhunan ba su nan, cak ɗin kuwa na nan. A dokar Sudan cak da ya dawo ba kuɗi laifi ne, kuma akwai wata jimla da kowane ɗan kasuwa ke tsoro, wadda ma'anarta ita ce mutum ya ci gaba da zama a tsare har sai ya biya. Manoma da dama a Jazira da Gadarif sun kwana a kurkuku a kanta tun kafin wannan yaƙi.

Kada a ɗauka wannan ciwon talakawa ne kawai. A Maris ɗin 2023, wata guda kafin yaƙin Sudan, Silicon Valley Bank na Amurka ya rushe ba tare da an harba harsashi ko an yi kutse ba. Ya zuba ajiyar mutane a takardun bashi masu dogon wa'adi lokacin da ruwa ke kusa da sifili. Babban bankin Amurka ya ɗaga ruwa zuwa sama da kashi 4.5 cikin shekara guda, darajar tsofaffin takardun ta faɗi, bankin ya sayar da wasu da asarar dala biliyan 1.8, labari ya bazu, masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a rana ɗaya, ta waya. A gida Najeriya, Babban Banki ya ɗaga ma'aunin ruwansa daga kashi 18.75 a farkon 2024 zuwa 27.5 a Nuwamban shekarar. Duk mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke juya jarin banki ya ji a jikinsa.

Inda biyun suka gamu

Abin da ya sa na ga labarin Rufa'a ya cancanci a rubuta shi ne, a can matsalolin biyu a rana ɗaya suka sauka. A ƙasar da farashi ke zaune wuri ɗaya, idan aka kulle maka kuɗi wata uku, ka sha wuya amma za ka tarar da su yadda ka bar su. A Jazira, kuɗin da aka kulle narkewa suke yi kamar ƙanƙara a rana. Kowane mako da ya wuce ba layi, abin da ke asusun kamfanin su kawu na sayen ƙasa da abin da yake saya a makon jiya. Ga kason mai faranti, ga na mai canji. Bashin manoman kuwa da buhu suke lissafa shi a zuciyarsu, ba da jine ba, kuma suna da gaskiya.

Dabarar da 'yan kasuwar Sudan suka daɗe da ita ta guje wa narkewar kuɗi ita ce kada su kwana da jine. Da zarar kuɗi sun shigo sai a mayar da su buhunan dawa, sukari, man girki, dabbobi, zinariya, mota, ko dala. Shekara da shekaru dabarar na aiki. Yaƙi ya zo ya kifar da ita, domin duk abin da ido ke gani shi aka fara ɗauka. Ko Hukumar Abinci ta Duniya ba ta tsira ba: a Disambar 2023 an wawashe rumbunta na jihar Jazira, sama da tan 2,500 na abinci, wanda ta ce zai ciyar da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi na wata guda. Taraktoci, motoci, taki, iri, injinan ban ruwa, an yi awon gaba da su. Bayan da Abu Aƙila Kaikal, kwamandan RSF a jihar, ya sauya sheƙa zuwa ɓangaren soja a Oktoban 2024, hare-haren ramuwar gayya suka afka wa gabashi da arewacin Jazira, Tambul da Rufa'a da Hilaliya da Sireha da ƙauyukan kewaye, aka kashe mutane da yawa, dubun dubata suka tsere Gadarif da Kasala da ƙafa.

Saboda haka ma'aji ya rasa tudun dafawa. Ka ajiye kaya a kwashe, ka ajiye tsaba a ƙwace, ka ajiye a banki a kulle kuma su narke. Waɗanda suka fita da sauran ƙarfi, a fahimtata, su ne masu ƙafa biyu: ɗan'uwa amintacce a Port Sudan, Jidda ko Alƙahira da ke iya shiga asusun daga can ya biya a madadinsu, ko kuma wani ɓangare na jarin da tun farko yake wajen yankin. Wato dai kwafin Ghana na Maersk, amma na jini da tsoka.

Sabon kuɗi, tsohuwar tambaya

Ana cikin haka, a Nuwamban 2024 Babban Bankin Sudan ya sanar da sabbin takardun 500 da 1,000, yana mai cewa an wawashe bankuna da maɗaba'ar kuɗi, kuma takardun da ba a san asalinsu ba sun cika kasuwa. Canjin ya fara ranar 10 ga Disamba a jihohin da soja ke riƙe da su. Ba hannu da hannu ake yi ba: sai ka zuba tsohon kuɗinka a asusun banki, sannan ka riƙa cira kaɗan-kaɗan bisa iyakar da aka sa. RSF ta haramta sabon kuɗin a yankunanta. Jazira na hannunta a lokacin, sai daga baya, bayan soja sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025 suka kuma bi sauran garuruwan jihar, canjin ya iso.

Mu da muka sha canjin naira na farkon 2023 mun san wannan layin, mun san yadda ake sayen kuɗi da kuɗi. Amma ga Hausawan Sudan akwai ƙarin wata ƙaya. Buɗe asusu na buƙatar lambar ɗan ƙasa, ita kuma lambar ta daɗe tana yi wa wasu iyalai wuyar samu, musamman mazauna kambo da waɗanda ake wa kallon baƙi duk da kakanninsu a nan aka binne su. Wanda ya tuna rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, inda aka kashe ɗaruruwan mutane a Rusairis da Wad al-Mahi kan batun ƙasa da sarauta, ya san tambayar wane ne ɗan gari ba ta mutu ba. Mutumin da ba shi da takarda dole ya zuba kuɗinsa a asusun wani. Idan an yi dace da mai amana, falillahil hamdu. Idan ba a yi ba, ba shi da kotun da zai je.

Ni dai ina ganin 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari, Singa da Dawanau, da 'yan'uwansu na Maraɗi, ya kamata su karanta wannan da idon basira. Mu ma ciniki ya koma kan waya da POS. Kamfanoni da yawa, har da masu juya ɗaruruwan miliyoyi, duk lissafinsu na cikin kwamfuta ɗaya a bayan shago, mai ɗauke da manhajar da aka kwafo a kasuwa, kalmar sirrinta kuma yaron shago da abokansa duk sun sani. An taɓa rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato a 2021 saboda tsaro, mun ga yadda ciniki ya tsaya. Tambayoyin da ma'aji zai yi wa kansa ba su buƙatar digiri: idan yau na kasa shiga asusuna na mako biyu, da me zan biya ma'aikata? Sunayen waɗanda nake bi da masu bina, akwai su a wani wuri da ba ya kan layi? Bashin da na ci, idan aka zo sabunta shi aka ƙara kashi 10, ribata za ta ɗauka? Mafi yawanmu sai abin ya faru muke neman amsa.

Su kawu sun koma ƙauye bayan watanni a Gadarif. Injin niƙa na nan, an cire masa mota. Na matse man babu shi babu alamarsa. Daga cikin mutum shida masu kamfanin, ɗaya ya rasu a hanya, biyu na Masar. Kwamfutar da wani ɗansu ya saya musu don lissafi tana cikin kayan farko da aka ɗauka. Abin da ya tsira shi ne wani tsohon littafi mai baƙin bango da kawu bai taɓa yarda ya daina rubutu a ciki ba, duk da dariyar da yara ke yi masa. Matarsa ce ta naɗe shi a zani ta fita da shi.

Da shi suke zama yanzu bayan sallar La'asar, shi da manoman da ke binsu, ana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Adadin bai zama abin gardama ba, yana nan a rubuce da kwanan wata. Gardamar ita ce da wane farashi za a biya, na ranar da aka auna gyaɗar, ko na yau. Har lokacin da muka yi magana ta ƙarshe ba su daidaita ba, sun dai amince a kai maganar gaban limamin garin ranar Juma'a.